Furen Kilematis da 'Yar'uwarsa ta Bakin Rafi



Kwanan baya sakataren wata ƙungiyar gama kai ya aiko mana da wasiƙa, haɗe da hoton wani fure da aka yanko daga tsohuwar kalanda. A cikin hoton wani tsiro ne ya hau bangon gida ya lulluɓe shi, furanninsa shunayya, kowanne ya kai faɗin tafin hannu. Matan zumunta na wurinsu ne suka gani suka yi sha'awa. Suna so su shuka irinsa a jikin dangar majami'a da ta makaranta, har sun fara tara kuɗi domin a aika birni a nemo. Tambayarsu uku ce. Mene ne sunansa? Ina ake samunsa? Zai yi a ƙasarmu?

Mun ga ya kamata mu ba da amsa a nan domin kowa ya amfana. Sunan furen kilematis. Irin wanda ke cikin hoton ɗan ƙasar sanyi ne. A yawancin garuruwanmu zai sha wuya ya mutu, kuɗin mata ya tafi a banza. Amma yana da 'yar'uwa a dajinmu, wadda muke wucewa ta gefenta a kan hanyar gona ba mu ko dubanta, da rani kuma mu cinna mata wuta. Sunanta yamanza. Ita muke ba ku shawara ku shuka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ASALIN FUREN

Kilematis sunan dangi ne babba. Masana tsirrai sun ƙirga iri wajen 300 a duniya, yawancinsu a ƙasashe masu sanyi, musamman ƙasar Sin. Sunan daga Helenanci ya fito, daga kalmar kilema, wato reshen inabi. Ita ce kalmar da ke cikin Bisharar Yohanna sura 15, inda ake maganar itacen inabi da rassansa.

Yawancin dangin da ke daji ƙananan furanni suke yi. Manyan nan da ake gani a kalanda aikin masu lambu ne. A shekarar 1850 wani Bature mai yawon neman tsirrai, Robert Fortune, ya aika da wani iri mai manyan furanni daga Sin zuwa Ingila. A 1858 masu gidan renon tsirrai na Jackman, a garin Woking, suka haɗa wannan iri da dangin wani na kudancin Turai. Sun ɗauki garin furen wannan suka sa a furen wancan, kamar yadda farar masara da ja suke gaurayuwa idan gonakinsu na kusa da juna. A 1863 aka nuna wa jama'a sabon irin da ya fito, aka sa masa suna Jackmanii. Furensa shunayya ne mai duhu, faɗinsa inci 4 ko 5, har yau kuma ana sayar da shi. Ga dukan alamu shi ne a hoton da aka aiko mana.

ABIN DA YA SA BAƘON BA YA JIN DAƊIN ƘASARMU

Na fari, yana bukatar hutun sanyi. A ƙasarsu yakan zubar da ganye ya yi barci na watanni, lokacin da ruwa ke daskarewa a waje. Wannan barci shi ke ba shi ƙarfin yin toho da fure idan ɗumi ya dawo. Sanyin hunturunmu na dare ne da safiya, da rana kuwa zafi ya koma. Tsiron ba ya samun hutu sosai, sai ya yi ta ramewa shekara bayan shekara.

Na biyu, saiwarsa ba ta jure zafin ƙasa. A Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yola zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ƙasa ta yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi. Saiwar da ta saba da ƙasa mai sanyi da laima ba za ta kai labari a nan ba.

Na uku, akwai cutar yaushi. Wata irin funfuna ce ke shiga jikin kara ta wurin rauni, ta toshe hanyar ruwa. Yau ka ga reshe lafiya lau da furanni a kai, kwana biyu ka tarar ya yi baƙi ya langaɓe. Wannan cuta ta yi wa masu renon tsirrai na Turai ɓarna ƙwarai tun kafin shekarar 1900. Ta fi kama irin nan masu manyan furanni. Na daji masu ƙananan furanni ba kasafai take damunsu ba.

Bayan haka akwai tsada. Kuma doka ba ta yarda mutum ya shigo da ɗanyen tsiro daga wata ƙasa ba sai da izinin hukumar da ke binciken tsirrai da dabbobi a kan iyaka, don kada a shigo mana da cutar da ba mu da ita.

YADDA ZA KU GANE YAMANZA

Masana suna kiranta Clematis hirsuta. An fara rubuta bayaninta a 1831, daga tsiron da aka samo a ƙasar Senegal. Tana fitowa tun daga can har zuwa Habasha, da ƙasashe da yawa na gabas da kudancin Afirka. A wurinmu ku neme ta a bakin rafi, gefen kurmi, gindin duwatsu, da cikin sarƙaƙiya inda take samun abin hawa. Yamanza sunanta ne na Hausa, amma ku tambayi tsofaffi sunanta a harshenku. Da yawansu za su gane ta da zarar kun kwatanta.

Ga alamunta:

1. Ganyenta bibbiyu suke fitowa a kowace gaɓa, suna fuskantar juna. Kowane ganye ya rabu ƙanana, yawanci biyar, bakinsu da haƙora kamar zarto, jikinsu da ɗan gashi mai laushi.

2. Karanta siriri ne, da zane-zane a tsaye a jikinsa. Gindin tsohuwa yakan zama itace.

3. Furenta fari ne ko ruwan madara, faɗinsa wajen inci 1, da kunnuwa huɗu, da gashi mai yawa a tsakiya. Yakan fito tuli guda a kan reshe, yana da ƙanshi mai daɗi. Ƙarshen damina zuwa kaka ne lokacinsa.

4. Bayan fure ya kaɗe, kowace ƙwayar iri takan fid da doguwar wutsiya mai gashi kamar gashin tsuntsu. Su taru su yi curi fari, sai ka ce gemun tsoho. Wannan ita ce alamar da ba ta ɓata. Da hunturu, idan rana ta haske ta, daga nesa ana hango ta a kan itatuwa.

5. Idan ka murza ganyen ka kai kusa da hanci, zai yi maka yaji har idonka ya kawo ruwa. Sau ɗaya ya isa, kada ka shaƙa da ƙarfi.

AMFANINTA

Ba mu ce furen yamanza ya kai na kalanda girma ba. Amma abin da ta rasa a girma ta samu a yawa da ƙanshi. Dangar da ta lulluɓe takan yi fari fat a daidai lokacin bikin godiyar kaka, sa'an nan farin gemun ya ɗauki wasu makonni yana ƙawata wurin.

Tana ba da inuwa. Rumfar da ta hau takan yi sanyi da damina da kaka, wurin zaman taron ƙungiya ko ajin karatun manya.

Ƙudan zuma suna sonta ƙwarai. A Habasha, ƙasar da ta yi suna wajen zuma, ana lasafta ta cikin tsirran da ke ciyar da ƙudan zuma bayan ɗaukewar ruwa. Ƙungiyar da ke da amya za ta ga amfanin dasa ta a gefen lambu. Ƙudan zuman da ta jawo kuma su ne za su bi furen kabewa, kuɓewa da kankana na masu noman rani.

SAMUN IRI

Kada ku je daji ku tono uwar. Saiwarta tana nisa, tana kuma da saurin karyewa. Yawanci wadda aka tono mutuwa take yi, a yi biyu babu. Akwai hanya uku da suka fi.

Ta fari, ƙwaya. A watan Disamba ko Janairu, idan curin ya bushe har yana rabuwa da an taɓa shi, ku tsinko cikin takarda ko ƙwarya. Ku yi sauri kafin masu ƙona daji su riga ku. Ku tsinke wutsiyar, ku shuka ƙwayar a cikin leda ko tsohon kasko mai huji, a ƙasa mai yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Ku rufe ta da yashi kaɗan, kada ya wuce kaurin ƙwayar dawa biyu. Ku ajiye a inuwa, kuna yayyafa ruwa kullum. Ba tare suke tsirowa ba. Wata ta fito cikin 'yan makonni, wata sai ta yi watanni. Kada ku yi fushi ku zubar da ƙasar.

Ta biyu, kwantar da reshe. Wannan ita ce ta fi tabbas. A watan Yuni ko Yuli ku zaɓi sabon reshe mai laushi da ke kusa da ƙasa. Ku ɗan kankare bayansa kusa da gaɓa, ku kwantar da wurin a ɗan rami mai zurfin inci 3, ku danne da 'yar gwafa, ku rufe da ƙasa, ku ɗora dutse. Kan reshen ya zauna a waje yana duban sama. Kada ku raba shi da uwar sai ya yi saiwa sosai. Ya fi kyau a bar shi har farkon damina mai zuwa. Idan a daji kuka yi, ku share ciyawar da ke kewaye da shi kafin rani saboda wuta.

Ta uku, yanka. Ku yanki reshen da ya fara ƙwari, ku bar gaɓa ɗaya da ganyenta, da kara kamar inci 2 a ƙarƙashinta. Ku cire ganye ɗaya, ku soke karan cikin yashi mai laima har gaɓar ta taɓa yashin. Ku kifa farar leda a kai, ku ajiye a inuwa. Wanda zai kama yakan yi saiwa cikin wata ɗaya ko biyu. Ba duka ke kamawa ba, saboda haka ku yanka da yawa.

WURI DA DASHE

Dokar dukan dangin nan ɗaya ce: kai a rana, gindi a inuwa. Ku duba yadda take a daji. Saiwarta tana cikin sarƙaƙiya, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, rassanta kuwa suna can ƙololuwa suna shan rana. Haka za ku yi mata a gida. Tana son rana ta wajen awa 6. Gabashin gini ya fi, inda za ta sha hantsi, ta huta da zafin la'asar.

Tana son ƙasa mai laima amma ba mai riƙe ruwa ba. Inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama, saiwa za ta ruɓe. Idan ƙasarku laka ce, ku gauraya ta da yashi, ku ɗan tayar da wurin kamar kunya.

Ku haƙa rami mai zurfin inci 18, faɗinsa ma haka. Ƙasar sama ku ajiye ta dabam, ku gauraya ta da bokiti ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, ku mayar cikin ramin. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Idan kusa da bango ne, ku ja baya da kamar ƙafa 1 da rabi, kuma kada ya zama daidai inda ruwan indararo ko na kwano ke zuba. Tsakanin tsiro da tsiro ku bar ƙafa 5 ko 6.

Lokacin dashe shi ne bayan ruwa ya zauna sosai, da yamma ko ranar da ake hadari. Ku yage ledar a hankali, kada ƙasar ta warwatse. Ku dasa ya ɗan fi yadda yake a leda zurfi, kamar da inci 2, domin gaɓar farko ta shiga ƙasa. Amfanin haka shi ne, ko akuya ta karya shi, ko fartanya ta sare shi, zai sake toho daga ƙarƙashi. Ku danna ƙasar da hannu, ku ba shi ruwa bokiti guda.

ABIN HAWA

A nan mutane da yawa ke kuskure, mu ma mun taɓa yi. Mun kafa manyan dirkoki masu kyau a lambunmu, muka dasa tsiro a gindin kowace, muna jiran ya hau. Sai ya bi ƙasa yana yaɗo, ya cukurkuɗe da ciyawa. Ashe kowane mai hawa da dabararsa. Doya da jikinta take naɗe sanda. Soso da duma 'yan zare suke fitarwa su kama. Yamanza kuwa da hannun ganyenta take kamu, wato ɗan siririn karan nan da ke haɗa ganye da reshe. Shi ke lanƙwashewa ya riƙe abin da ya taɓa. Gajere ne, ba ya iya kewaye abin da ya fi ɗan yatsa kauri.

Saboda haka dirka ta ɗauki nauyi, amma abin kamu ya zama siriri. Ku kafa dirkoki na itacen da gara ba ta cika ci ba, kamar ƙirya, tsayinsu ƙafa 7 ko 8 a bisa ƙasa. Tsakaninsu ku ja waya, ko igiya mai ƙwari, ko tsagaggen gora, ko ragar waya irin ta kaji. Tazarar layi da layi kada ta wuce inci 6 zuwa 8. Karan dawa zai yi na shekara ɗaya, amma tsiron da ya girma yana da nauyi idan ya jiƙe, iskar farkon damina za ta kayar da shi. Ku kafa abin hawa kafin dashe, don kada ku soki saiwa daga baya.

Tun tsiron yana ƙarami ku soka masa tsumagiya ta kai shi ga waya. Ku ɗaura shi sako-sako da tsumma, kuna baza rassan hagu da dama. Karansa yana karyewa da wuri, sai a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ku bar ta ta hau ƙananan itatuwan mangwaro, lemo ko gwaba. Za ta rufe su ta hana su rana. Wata 'yar'uwarta da aka kai ƙasar Niyu Zilan daga Turai don ado ta tsere daga lambu ta shiga kurmi, tana danne manyan itatuwa, har hukuma ta hana sayar da ita. Tamu a gida take, amma ita ma tana bukatar mai tsawata mata.

RUWA, TAKI DA RUFIN GINDI

Da damina ba ta bukatar ban ruwa sai in an yi fari. A ranin farko ku ba kowane tsiro bokiti ɗaya sau biyu a mako, a gindi, da yamma. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin shi ke sa saiwa ta nutsa. Inda ruwa ke da wuya, ku binne tsohon tulu kusa da gindin, bakinsa a waje, ku riƙa cika shi kuna rufewa. Zai riƙa tsatsafowa a hankali. Tsiron da ya shekara biyu yana iya jure rani. Zai zubar da ganye ya bushe daga sama. Kada ku ce ya mutu. Hutunsa ke nan, da ruwan fari zai farka.

Ku rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, kaurin inci 3, amma ku bar tazarar tafin hannu tsakanin rufin da kara saboda gara. Inda gara ta yi yawa, ku jera tsingaro a kewaye, ku barbaɗa toka kaɗan.

Kowane farkon damina ku zuba ruɓaɓɓen taki rabin bokiti. Idan kuna da takin zamani irin 15-15-15, cikin kwalin ashana ɗaya ya isa wa tsiro guda, a zuba a kewaye nesa da kara. Kada ku sa mata yuriya. Ganye za ta yi ta yi, fure kuwa kaɗan.

Idan darɓa ta kama sabon toho, ruwan sabulu ko jiƙon 'ya'yan darbejiya ya isa, a fesa da yamma. Kada ku fesa maganin ƙwari lokacin da take fure, za ku kashe ƙudan zuma.

Sai haƙuri. Shekarar fari saiwa take yi, ba za ku ga abin kirki a sama ba. Ta biyu za ta hau ta yi ɗan fure. Daga ta uku ne za ta cika danga. Sannu ba ta hana zuwa.

DATSA

Yamanza a kan sabon reshen bana take fure. Don haka datsa ba ta rage mata fure, ƙara mata take yi. Wadda aka bari ba datsa takan zama tsirara daga ƙasa, furen ya koma can sama inda ba mai gani, busassun rassa kuma su taru su zama abincin wuta da maɓoyar maciji.

Ku bari sai kun gama tsinkar iri. A ƙarshen rani, wajen Maris ko farkon Afrilu, kafin sabon toho, ku datse dukan rassa da wuƙa mai kaifi, ku bar kamar ƙafa 1 zuwa 2 daga ƙasa. Ku yanka a bisa gaɓa mai ido biyu masu rai. Ku janye tsofaffin rassan daga waya, ku gyara abin da ya lalace a rumfar. Sabon tsiro kuma, idan ya kai ƙafa 1, ku tsinke kansa domin ya yi rassa da yawa daga ƙasa.

GARGAƊI

Wannan sashe muna roƙo a karanta shi a gaban kowa a taron ƙungiya. Dukan dangin kilematis, na gida da na waje, ruwan jikinsu yana da guba mai ƙuna. Ɗaya daga cikinmu ya taɓa yin datsa da hannu tsirara da rana tsaka, yana share zufa da bayan hannu. Kafin dare wuyan hannunsa ya yi ja, washegari ya tashi da bororo, idonsa kuma ya kwana yana raɗaɗi.

Idan za ku taɓa ɗanyen reshe, ku sa safar hannu ko ku ɗaura leda, ku sa riga mai dogon hannu. In kun gama ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa ido ko abinci. Idan ruwan ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a tafi asibiti.

Mun sani a wurare da yawa na Afirka ana murza ganyen a shaƙa don ciwon kai da mura, wasu kuma suna ɗaura shi a wurin da ke ciwo. Ɗaurin nan yana saɓule fata, ya bar gyambo. Kada a ɗaura wa kowa, balle yaro. Kada a sha, kada a ɗiga a ido ko kunne. Ku koya wa yara kada su tauna ganyen ko furen.

Dabbobi sukan guje ta saboda yajinta, amma akuyar da ke ɗaure tana jin yunwa ba ta zaɓe. Wadda ta ci za ta yi ta dalalar da miyau, bakinta ya yi ƙuraje, wani lokaci har da zawo. Gubar tana raguwa idan ganyen ya bushe, duk da haka kada ku zuba abin da kuka datse a garke ko turke. Ku kai ramin taki. Kada kuma ku dasa ta a dangar da ake ɗaure dabbobi, ko dab da ƙofar da yara ke cunkoso, saboda ƙudan zuma.

GA MASU SON GWADA NA WAJE

'Yan'uwanmu na kan tudu suna da dama fiye da sauran. Jos tana bisa teku da wajen ƙafa 4,000, tsaunin Mambila kuwa ya wuce ƙafa 5,000. Sanyin da ke sa dankalin Turawa ya yi a Filato, shayi kuma ya yi a Mambila, zai iya taimakon wannan baƙo. Duk da haka gwaji ne. Kada a taɓa kuɗin ƙungiya. Mai hali ya sayi ɗaya ko biyu ya gani tukuna.

Ku nemi masu ƙanana ko matsakaitan furanni, irin dangin da ake kira viticella. Asalinsu kudancin Turai ne, sun fi jure zafi da cutar yaushi. Ku tambayi mai sayarwa lokacin da irin ke fure, domin datsarsu iri uku ce. Akwai masu fure a kan reshen bara, waɗannan ba a datsa su sai bayan sun gama fure, kuma kaɗan. Akwai masu yi sau biyu, a tsohon reshe da sabo, su busasshen reshe kawai ake cire musu. Akwai masu yi a sabon reshe kaɗai, kamar Jackmanii da viticella, su ake datsewa ƙasa kamar yamanza. Wanda ya datse na farko kamar na uku ya yanke furen shekara guda da hannunsa.

Ku dasa da zurfin inci 3 ko 4 fiye da yadda yake a tukunya. Idan kun ga reshe ya yi yaushi farat ɗaya alhali ƙasa na da laima, ku yanke shi har ƙasa, ku ƙone, ku wanke wuƙar. Kada ku tumɓuke gindin. Sau da yawa yakan sake fitowa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI BANA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawararmu. A kakar nan ku zaɓi mutum biyu ko uku, da tsoho ɗaya da ya san daji, su zaga bakin rafi su sa alama a inda yamanza ke fure. Ku yi magana da mai unguwa da mafarauta a share kewayen wurin, kada wuta ta cinye irin kafin ya nuna. Disamba da Janairu a tsinko iri a shuka a leda, a kusurwar wurin renon itatuwan ƙungiya. Maris da Afrilu a kafa dirkoki a haƙa ramuka. Yuni a yi dashe, a kuma kwantar da rassa domin baɗi.

Kuɗin da matan zumunta suka tara kuwa, muna ganin a sayi waya da safar hannu da su. Abin da ya ragu a sayi amya ɗaya.

Idan kun same ta a wajenku, ku rubuto mana sunanta a harshenku, da irin wurin da kuka gan ta, da watan da ta yi fure. Za mu buga amsoshinku domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.